Ga Wanda Ya Bar Sigari, Ciwo Da Damuwa Suka Mayar Da Shi

Jawabin da wata ma'aikaciyar lafiya ta yi wa 'yan kasuwa da iyalansu a Tudu, cikin birnin Ankara

Na san kowa a nan ya bar rumfa ko tebur a hannun yaro, wasu ma motarsu ta Aflao tana kan lodi, saboda haka ba zan riƙe ku fiye da kima ba. Ni karatun jinya na yi, aikina kuwa shiga gida-gida ne a Nima da Maamobi da nan Tudu, ina auna hawan jini, ina bibiyar masu shan maganin tarin fuka, ina tunasar da mata ranar awo. Yau an ce in yi magana a kan taba. Zan taƙaita ta a kan mutum guda, wanda ba kasafai ake tunawa da shi a irin wannan zama ba: mutumin da ya taɓa barin sigari, aka yi masa barka, sannan ciwo ko asara ko tashin hankalin gida ya mayar da shi, yanzu yana sha a ɓoye yana jin kunyar kowa.

Irin wannan mutum akwai shi a gidanmu. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma sai da na nemi izininsa kafin in kawo maganarsa gabanku; ya ce in faɗa, amma in sakaya sunansa. Ya fara zuƙar sigari yana yaron mota a hanyar Yamai, ya sha sama da shekara 20, har ya zama mai kawo albasa da jarinsa. A 2021, shekarar da aka tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku, tarin fuka ya kama shi. Ya sha magani wata 6 cur, ya yar da sigari tun makon farko, ya shekara biyu ko ƙanshinta ba ya so. Sai ga juyin mulkin Nijar na ƙarshen watan Yulin 2023, aka rufe iyakar Benin da Nijar, motoci suka yi cirko-cirko a hanya. Kayansa suna cikin waɗanda suka ruɓe. Rabin kuɗin na mutane ne. A cikin watannin nan ne kuma aka auna shi aka ce yana da hawan jini, suga ma ya fara hawa. Wani dare a tasha, yana zaune ya rasa abin da ke masa daɗi, wani direba ya miƙo masa kara ɗaya. Ya ce mini a ransa cewa ya yi, ɗaya dai ba za ta kashe shi ba. Kafin mako biyu ya koma sayen kwali.

Wata huɗu yana ɓoye mana. Ranar da na ji warin a rigarsa, na yi abin da nake hana mutane yi. A gaban matarsa da 'ya'yansa na ce, "Yaya, ashe duk wahalar da muka sha a kanka a banza ce?" Bai ce mini uffan ba. Ya ɗauki hularsa ya fita, ya yi wata biyu bai taka gidana ba, kuma a watannin nan biyu bai je awon jini ko sau ɗaya ba, domin ni ce mai raka shi. Ina da takardar shaidar jinya, amma ranar nan ban yi aiki da ita ba.

To, bari mu fara da abin da ya faru a jikinsa, don mu san abin da muke faɗa da shi. A cikin taba akwai wani sinadari, nikotin. Idan mutum ya zuƙa, cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 ya isa ƙwaƙwalwa, ya sa ta saki abin da ke kawo ɗan jin daɗi da natsuwa. Ƙwaƙwalwar da ta saba da shi takan ƙara wuraren karɓarsa, kamar yadda kasuwa ke ƙara rumfuna idan kaya suka yawaita. Nikotin kuwa ba ya daɗewa: cikin kamar awa biyu rabinsa ya bar jini. Da ya fara raguwa sai rumfunan nan su fara kuka, mutum ya ji ƙunci, ya ji kowa yana ba shi haushi, hankalinsa ya ƙi tsayawa a kan lissafi. Ya kunna wata, kukan ya lafa, sai ya ce sigari ta kwantar masa da hankali. Alhali ƙuncin da ta ɗauke, ita ce ta kawo shi tun farko. Bashin da ake bin sa yana nan yadda yake, sakamakon asibiti ma bai canza ba, sai dai bugun zuciya da ya ƙaru da jijiyoyin jini da suka tsuke.

Idan mutum ya bari, rumfunan nan sukan koma yadda suke cikin makonni. Abin da ba ya gogewa da wuri shi ne tunawa. Ƙwaƙwalwa ta riƙe cewa duk lokacin da rai ya ɓaci, ga abin da hannu ke yi. Ta riƙe ƙanshin ataya, da bencin tasha, da doguwar hanyar dare, da bayan cin abinci. Shi ya sa wanda ya shekara biyu ba ya sha, kara ɗaya takan tayar masa da tsohon sabo cikin kwanaki kaɗan. Masana sun daɗe da lissafa dogaro da taba a cikin cututtukan da ke tafiya su dawo. Mai hawan jini idan jininsa ya sake hawa ba ma ce masa marar zuciya, mukan duba abin da ya jawo, mu gyara magani. Haka ya kamata a yi wa wannan.

Ga wasu alƙaluma da nake so mai jin kunya ya ji. Cikin mutum 100 da suka yi yunƙurin bari da ƙarfin zuciya kaɗai, ba magani ba mai ba da shawara, kamar 3 zuwa 5 ne suke kai wata shida zuwa shekara ba su koma ba, kuma akasarin masu komawa a makon farko suke komawa. Wani bincike da aka yi a lardin Ontario na ƙasar Kanada, aka buga a 2016, ya kiyasta cewa mai shan sigari yana iya yin yunƙuri kusan 30 kafin ya rabu da ita har abada. Wasu sau biyu ya ishe su, wasu sau shida. Duk tsohon mashayin da kuka gani ya tsira, ku tambaye shi a keɓe, zai faɗa muku sau nawa ya faɗi. Wanda ya taɓa yin shekara biyu kuwa yana da abin da sabon mai yunƙuri ba shi da shi, ya san jikinsa yana iya rayuwa ba sigari, ya kuma san ainihin ramin da ya faɗa.

Akwai magana guda da nake yawan ji a gidajen marasa lafiya, kuma ita ce ta fi damuna. Sai mutum ya ce, "Malama, bari in warke tukuna," ko "Bari in fita daga bashin nan, sannan in bari." Na fahimci mai faɗin haka. Yana ganin an ɗora masa kaya biyu, yana roƙon a sauke masa ɗaya. Amma ku dubi abin da hayaƙin ke yi wa ciwon da ake jiran ya warke. Hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna jawo ciwon daji. Mai tarin fuka da ke sha, huhunsa ya fi jinkirin warkewa, kuma ciwon ya fi saurin dawo masa bayan ya gama magani. Mai hawan jini da ke sha yana haɗa abu biyu da kowannensu shi kaɗai yana kai mutum ga bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Masu shan sigari sun fi waɗanda ba sa sha haɗarin kamuwa da ciwon suga da kashi 30 zuwa 40 cikin 100, wanda kuma yake da sugan, hayaƙi yana toshe ƙananan jijiyoyin ƙafa da na ido da na ƙoda. Gyambon ƙafar da ya ƙi warkewa har aka kai ga yankewa, sau da yawa da hannun sigari a ciki. Wanda aka sa wa ranar tiyata, idan ya bari mako huɗu kafin ranar, ɗinkinsa ya fi saurin kamewa, matsalar numfashi bayan aiki ma ta ragu. Ga maza kuma, da yake akwai iyaye mata a wurin zan faɗa a taƙaice: jijiyoyin da hayaƙi ke toshewa ba a zuciya kaɗai suke ba, kuma maganin gargajiya da ake saye a tasha ba ya buɗe su.

Ta ɓangaren damuwa ma lissafin ba yadda ake zato yake ba. A 2014 wasu masana a Ingila sun tattara bincike 26 da aka bi mutane kafin su bari da bayan sun bari. Abin da suka samu shi ne, bayan makonnin farko sun wuce, waɗanda suka bari sun fi waɗanda suka ci gaba samun sauƙin fargaba da baƙin ciki da ƙuncin rai. Ba na ce barin sigari zai biya muku bashi ba. Mun ga abin da ya faru a 2022, lokacin da sidi ya faɗi, hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100 a ƙarshen shekara. Mun ga gobarar Kantamanto ta farkon Janairun 2025, yadda mutane suka kwana da jari suka tashi da toka. Waɗannan damuwa ce ta gaske. Sigari dai tana ƙara wata a kansu, sau goma ko ashirin kowace rana.

Wani kuma zai ce ai shi yanzu kara ɗaya ko biyu yake sha, ba kamar da ba. Ragewa ta fi ƙarawa, ban musa ba. Sai dai wani babban nazari da aka buga a 2018 ya nuna cewa kara ɗaya tak a rana tana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da shanyewar jiki da ke kan mai shan kara 20. Jini ba ya buƙatar hayaƙi mai yawa kafin ya fara daskarewa a inda bai kamata ba. Komawa shisha ma ba tsira ba ce, duk da ƙanshin 'ya'yan itace da samarinmu ke yabo; ruwan tulun ba ya tace guba, garwashin kuma yana ƙara irin iskar nan mai kisa da janareta ke fitarwa. Haka garin taba da ake shaƙa, ko wanda ake haɗawa da kanwa a cusa a baki, wanda wasu iyayenmu mata ke yi ba sa lissafa kansu cikin masu shan taba. Nikotin ɗin dai shi ne, ga kuma lalacewar dasashi da haɗarin ciwon daji na baki.

Yanzu ga yadda ake sake tashi. Da farko a raba zamewa da komawa. Wanda ya sha kara ɗaya jiya da daddare zamewa ya yi. Abin da ke mayar da ita komawa shi ne tunanin da ke biyo baya, wai tunda na ɓata, bari in ƙarasa kwalin. Mai tallan ƙwai idan ɗaya ya fashe ba ta kifar da tiren. A yar da sauran a daren, a faɗa wa mutum ɗaya da aka amince da shi kafin gari ya waye, a ci gaba da lissafi daga inda aka tsaya. Wanda kuwa ya riga ya koma gaba ɗaya, ya sa rana, kada ta wuce mako biyu daga yau, ya faɗa wa mutanen gidansa da abokan zamansa. Daren ranar ya fitar da kwali da ashana da laita daga aljihu da mota da ƙarƙashin tebur, a wanke riguna da zanen gado.

Sannan ya zauna ya tambayi kansa tambayar da na kasa yi wa yayana da farko: a ina, da wane lokaci, tare da wa, kuma me ya faru kafin karan farko? Amsar ita ce taswirar yaƙinsa. Na yayana ta fito sarai: dare, tasha, bayan wayar masu bin bashi, cikin direbobi. Da muka shirya, abin da muka tsara ke nan. Wayar bashi da safe zai riƙa amsa ta, a gida, bayan ya karya. Idan dare ya same shi a tasha, a masallaci zai jira, ba a benci ba. Direbobin da ya saba da su kuma ya faɗa musu baki da baki cewa likita ya ce huhunsa ba zai ɗauki wani tarin ba, duk mai ƙaunarsa kada ya miƙo masa. Ya ce abin da ya ba shi mamaki, biyu daga cikinsu cewa suka yi su ma suna so su bari.

Ku san abin da ke tafe, don kada ya zo muku ba zato. Kwana biyu zuwa uku na farko su ne mafi tsanani. Akwai saurin fushi, da rashin barci, da ciwon kai, da yunwa, da taurin bayan gida, wani ma tari ya ƙaru na ɗan lokaci saboda huhu ya fara share kansa. Akasarin wannan yakan lafa cikin mako biyu zuwa huɗu. Ita sha'awar kuwa zuwa take yi kamar hadarin bazara, ta taso, ta yi ƙarfi, cikin 'yan mintoci ta wuce, ko an sha ko ba a sha ba. Aikin mutum shi ne ya cika mintocin nan. Ya tashi daga inda yake, ya kurɓi ruwan sanyi a hankali, ya sa asuwaki a baki, ya ja numfashi ta hanci ya sake shi sannu sau goma, ya yi alwala, ya ja carbi, ya zaga layin rumfuna ya dawo. Mai suga kada ya maye gurbin sigari da alewa da lemon kwalba. Gyaɗa kaɗan ko karas ko kokwamba sun fi. Jiki yakan ƙaru da kilo 4 ko 5 a shekarar farko ga mutane da yawa, kuma haɗarin wannan bai kama ƙafar haɗarin hayaƙi ba.

Ga wani abu da ba kowa ya sani ba, kuma ya shafe mu mutanen zango ƙwarai. Hayaƙin sigari yana sa hanta ta riƙa narkar da sinadarin da ke cikin ataya da kofi da goro da sauri. Da mutum ya bari, hanta ta koma tafiyarta ta asali, sai kofin ataya uku da ya saba sha su yi masa aikin biyar ko shida. Zuciya ta riƙa bugawa, hannu ya yi rawa, barci ya ƙaurace, shi kuwa ya ɗauka rashin sigari ne, ya koma. Saboda haka a makonnin farko a rage ataya da goro da rabi, kuma a daina su daga la'asar. Wannan sauyi na hanta yana taɓa wasu magungunan asibiti ma, musamman wasu na asma da wasu na taɓin hankali, kuma sugan mai ciwon suga yana iya yin sama da ƙasa a farko. Duk mai shan magani kullum ya faɗa wa likitansa ranar da zai bari, don a duba ko za a gyara masa awo. Kada kowa ya rage ko ya ƙara da kansa.

Akwai kuma magani na barin tabar kanta. Akwai cingam na nikotin, da filasta da ake liƙawa a fata, da wanda ake tsotsa. Suna ba jiki nikotin kaɗan ba tare da hayaƙi ba, a riƙa ragewa cikin wata biyu zuwa uku. Akwai ƙwayoyi da likita ke rubutawa, irin su varenicline da bupropion da cytisine. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da waɗannan duka a jagorar da ta fitar a watan Yulin 2024, kuma haɗa magani da shawarar ma'aikacin lafiya yana ninka damar nasara. Gaskiyar magana, ba kowane kantin magani ne ke ajiye su ba, kuma suna da tsada a wurin mai ƙaramin ƙarfi. Amma ku tambaya, a Babban Asibitin Maamobi, ko Ridge, ko Korle Bu, ko asibitin da ya fi kusa da ku. Mai farfaɗiya ba ya shan bupropion. Mai juna biyu da mai shayarwa da wanda bai daɗe da bugun zuciya ba, kada su fara komai sai da likita. Kuma don Allah kada a sayi ƙwayar da ba ta da suna a hannun mai jaka a cikin mota.

Azumi dama ce babba. Wanda ya iya riƙe bakinsa daga asuba zuwa magariba kwana 29 ko 30 ya riga ya yi rabin aikin. Inda ake faɗuwa shi ne bayan shan ruwa, lokacin da wasu ke kunna biyu ko uku a jere a kan cikin da babu komai. Yayana a azumin 2024 ya sake bari. Da an sha ruwa sai ya tafi masallaci, ba ya dawowa sai an idar da asham. Ya kai ƙarshen wata lafiya. Ranar Salla da yamma, cikin abokai, ya zame ya sha biyu. A wannan karon shi ya kira ni da kansa, ya ce, "Auta, na sake yi." Na haɗiye abin da ya taso mini, na ce, "Yaya, ina sauran?" Ya ce suna aljihu. Na ce ya ba matarsa ta jiƙa su a ruwa, gobe in zo mu yi magana. Daga ranar zuwa yau bai sake ba. Bashin bai gama biya ba, maganin hawan jini kuma yana sha kullum, kuma ya ce har yanzu idan mota ta yi dare a hanya abin yakan faɗo masa.

Iyayena mata, da matan aure, da 'ya'ya, ga naku. Kuna da haƙƙi a kan iskar ɗakinku, wannan ba abin roƙo ba ne. A gidajen haya na Nima, inda mutum shida ke kwana ɗaki ɗaya, hayaƙin uba yana shiga ƙirjin jariri, ya jawo ciwon kunne da asma da limoniya, mai ciki kuma ta haifi ɗa marar nauyi. Daga cikin mutum sama da miliyan 7 da taba ke kashewa a duniya kowace shekara, fiye da miliyan ɗaya ba su taɓa kunna ta ba. Buɗe taga ba ya wadatarwa. A ɗaki da mota babu sha, wannan a tsaya a kai. Amma gori da tonon asiri a gaban yara ba sa sa mutum ya bari, ɓoyewa suke koya masa, na gani a gidanmu. A makon farko zai yi faɗa a kan gishirin miya, ku ba shi uzuri na kwana goma. Idan ya cika mako, ku nuna kun lura. Ku kuma da kuke kwana a kan murhun itace kuna dafa wake da shinkafa ko suyar ƙosai da masa, hayaƙin nan ma yana cin huhu. A fitar da murhu fili inda iska ke wucewa, a sauke goyo daga baya kafin a durƙusa hura wuta.

Doka ma tana bayanku. A nan Gana dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a in ban da inda aka keɓe, ta hana tallarta, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba ko aikensa saye. Nijar ta yi tata dokar a 2006, Nijeriya a 2015. Ku masu tebur da ke sayar da ita kara-kara, ban zo in hana ku neman abinci ba, amma idan kun san mutum ya bari, ya zo muku da jajayen idanu yana neman ɗaya bashi, ku ce ta ƙare. Shi kuma mai sha ya yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Mu ƙaddara kara sidi ɗaya ne, yana shan goma a rana: sidi 300 ke nan a wata, 3,650 a shekara. Kowa ya sa farashin da yake saye ya gani. A ba mai susu kuɗin nan kullum, a ga abin da zai zama ranar sabunta katin inshorar lafiya ko biyan kuɗin makaranta.

Wanda yake ganin ya makara, ga abin da aka auna. Minti 20 bayan karan ƙarshe bugun zuciya ya fara sauka. Cikin awa 12 gubar iskar nan ta bar jini. Tsakanin mako 2 zuwa 12 gudun jini da aikin huhu sun inganta. Bayan shekara guda haɗarin ciwon zuciya ya ragu da kusan rabi. Wani dogon bincike da aka fara a kan likitocin Ingila a 1951, aka bi su shekara 50, ya nuna cewa wanda ya bari yana ɗan shekara 40 yakan ribaci kamar shekara 9 na rayuwa, ɗan 50 kamar 6, ɗan 60 ma kamar 3. Ajali na Allah ne, mun yi imani da haka. Amma shekarun da mutum zai yi yana hawa matakalar gadar sama da ƙafarsa, ba a kwance ana juya shi ba, akwai abin da hannunsa ke iya yi a kansu.

Akwai alamun da ba a jira da su. Tarin da ya wuce mako biyu, kaki da jini, zufar dare, rama ba dalili: a je a yi gwajin kaki, gwajin da maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati. Masu tafiya Lome ko Kwatano ko Yamai ko Maraɗi suna kan magani, ku riƙe katinku da isasshen magani a jiki, ku faɗa mana kafin ku tashi. Yanke magani a tsakiya shi ke haifar da tarin da ba ya jin magani. Ciwon ƙirji mai danna mutum kamar an ɗora dutse, ko karkacewar baki, ko mutuwar hannu farat ɗaya, ko harshe ya karye: a kira 112 ko a ɗauki mutum zuwa asibiti nan take, kada a tsaya shafa mai. Wanda kuma damuwa ta kai shi ga daina cin abinci da barci, ko yana jin gara ya huta da duniya, ya faɗa wa wani yau. Wannan ma ciwo ne mai magani, kuma tun 2023 majalisar dokokin Gana ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka, ba wanda zai kama ka don ka faɗi abin da ke ranka.

Ni da abokan aikina muna nan a teburin bakin ƙofa har azahar. Za mu auna hawan jini da suga, mai tari kuma za mu ba shi kwalbar kaki mu faɗa masa inda zai kai. Wanda yake son mu sa ranar bari tare, amma ba ya son a gan shi a layi, ya ce awon jini ya zo, ni zan gane. Tsofaffi da masu goyo su fara zuwa, masu motar Aflao kuma ku ɗaga hannu in sallame ku da wuri.